Yadda Na Bar Wankan Gwaggo Asabe

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa uwarku ta gudu daga wankan jego. A bikin dangi ake faɗa, a yi dariya, ni ma in taya. Har ke auta, ranar da aka ce ki shiga wanka da sanyin safiya kika noƙe, sai da wata ta ce ai gado kika yi. Ban taɓa gyara zancen ba, domin gyaransa sai na ambaci wurin da ba a ambata, ni kuwa da irin tarbiyyar da aka yi mini bakina nauyi yake yi. Yanzu na tsufa, nauyin ya ragu, ga jikokina mata sun fara shiga ɗaki. Gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya tuna muryoyin mutanen. Gudu kam na gudu, ba ƙarya aka yi mini ba. Abin da ba a faɗa muku shi ne abin da ya kore ni, da abin da gudun ya ja mini.

Gwaggo Asabe yayar mahaifina ce. Ba ta da ɗa a raye, don haka ana yaye ni aka kai ni wurinta a Paki, kuma ban san wata uwa ba sai ita. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta ce mini Hajara, sai dai Uwata. Doguwa ce, siririya, marar yawan magana, kuma abu ɗaya duk unguwa ta san ta da shi, wato wankan mai jego. Mace na haihuwa, kafin a share ɗaki an aika wa Gwaggo. Za ta ɗora babbar tukunya, ta zuba ganyen runhu da na darbejiya, ta bar ruwan ya tafasa har ya yi duhu, sannan ta riƙa tsoma damin ganye tana fyaɗa wa mai jego safe da yamma har a yi arba'in. In an gama wanka a zaunar da ita cikin ruwan bagaruwa mai zafi, a ba ta kunun kanwa, a kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Matan garin cewa suke wadda Gwaggo ta gasa, sanyi ba ya shigarta har ta tsufa. Hannunta kuwa kamar ba fata gare shi ba, tsoma shi take cikin ruwan da ni ko tururinsa ba na iya kusanta. Ba ta taɓa ce mini tana ƙaunata ba, amma duk naman da aka ba ta a gidan suna, a ƙulle a bakin zanenta yake dawowa gida saboda ni.

Babanku, Allah ya jiƙansa, a lokacin yana sana'ar mazarƙwaila a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan. Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni Paki goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ya aiko da itace amalanke-amalanke har ya kusa tare ƙofar gida. Gwaggo ta jera shi da kanta, ta ware manyan gumagumai gefe, ta sayi sabuwar tukunya alhali tsohuwar ba abin da ya same ta. Shekara da shekaru tana gasa 'ya'yan mutane, yanzu ga tata ta zo hannu. Wata rana na jiyo ta ta kan katanga tana ce wa maƙwabciya:

"Wannan kam sai na gasa ta yadda za a riƙa ba da labari."

Naƙuda ta zo mini da gardama. Na kwana na wuni a durƙushe, kan yarinya ya ƙi fitowa, har Gwaggo da kanta ta ce a nemo mota. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Ba a bar ta ta shiga ba, ta zauna a gindin bishiya da carbinta. Ungozomar da ke aiki ranar ba ta girme ni sosai ba, kuma ita kaɗai ce a kan duk matan da ke ɗakin. Da kan ya taho ya tokare, sai ta ɗauki almakashi ta yi mini ƙari. Ku maza da za ku karanta wannan, ƙari shi ne a ɗan yanka fatar ƙofar haihuwa don hanya ta buɗe, in an haihu a ɗinke. Yankan ban ji shi sosai ba, azabar naƙuda ta rufe shi. Ɗinkin ne na ji. Ta yi mini allurar kashe zafi, amma kafin ta gama da wata ta dawo kaina, allurar ta fara saki. Ta soka, ta ja zare, ta ƙulla, ta yanke, ta sake sokawa, kowane ƙulli ina jin sa har tsakiyar kaina. Ko tari ban yi ba. Mai haihuwar fari ba ta kuka, haka aka koya mana, in kuwa kika yi, har 'yarki ta girma ana yi mata gori. Na cusa bakin zane a baki na cije. Ke babbarsu, wadda har yau ba na kiran sunanki, kina gefe a nannaɗe kina tsala kuka, ni kuma ina jin kamar na mu biyu kike yi. Da ungozomar ta gama, ta ce mini:

"An yi miki ƙari, kin ji? Ki riƙa zama cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ban da mai ƙuna. In kin ji zafin na ƙaruwa, ko kin ji wari, ki dawo."

Na ce to. Ni ta faɗa wa, ba ta fita ta faɗa wa tsohuwar da ke gindin bishiya ba. Ni kuma ta ina zan fara? Gwaggo ce fa, matar da ko al'adata ta farko ban iya faɗa mata ba, sai ganewa ta yi da kanta, ta ajiye mini sabulu da tsumma mai tsabta ba ta ce uffan ba. Muka dawo gida tana murnar an sauka lafiya, ni kuma maganar na kulle a cikina.

Washegari aka fara wanka. Fyaɗin ganyen ban ƙi shi ba, gaskiya yana sakin jiki, in an gama sai in ji ƙasusuwana sun koma mazauninsu. Zaman ruwan ne azaba. Za ta cika baho da ruwan bagaruwa yana tururi, ta kau da kai in kwance zane, don ita ma tana jin nauyina ba ta duba ni, sannan ta dafa kafaɗuna ta danna ni ƙasa. Nakan ga duhu. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na tattaro ƙarfin halina na ce:

"Gwaggo, a asibiti sun ce ruwan ɗumi."

"Ruwan ɗumi na alwala ne," in ji ta. "Zauna."

"Yana yi mini zafi sosai."

"Zafin shi ne maganin. Uwata, kada ki ba ni kunya. 'Ya'yan wasu ma sun daure."

Sai na daure. Ranar suna na ɗosana a gefen katifa a karkace, na yi ta murmushi, mata na shigowa suna yaba yadda Gwaggo ta fito da ni fes. Bayan suna abin ya ƙaru. Zama ya gagare ni, shayarwa sai a kwance ko a jingine da bango. Tsoron ban ɗaki ya sa na rage cin abinci, gasasshen naman da take barbaɗa mini yaji sai in tura ƙarƙashin faifai. Da yamma zazzaɓi ya riƙa rufe ni. Gwaggo ta taɓa goshina, ta ce sanyi ne ke neman shiga, ta ƙara itace a murhu, ta ƙara a ƙarƙashin gado. Ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan, kuma da iya ƙarfinta take yi. Ni kuwa na riga na ji da hannuna cewa zaren ya saki, wurin ya buɗe. Babanku ya zo gaisuwa a wannan tsakanin, ya tsaya a zaure kamar yadda suruki ke yi. Na fito a daddafe na gaishe shi, ya ce yaya jiki, na ce lafiya lau.

A bayan katangarmu akwai Saratu, matar malamin firamare, Kirista ce 'yar wajen Furana, ta girme ni kaɗan. Ta shigo barka da sabulunta a lokacin da Gwaggo ta tafi yankan ganye, ta same ni ina cin tuwo a tsaye.

"Mai jego da ci a tsaye? Zauna mana."

"Na fi jin daɗin haka," na ce.

Ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Hajara, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwai warin da nake ji, kuma ba ƙarnin jego ba ne. Ƙari aka yi miki?"

Hawaye suka zubo mini. Tunda na dawo gidan nan ba a taɓa furta kalmar ba sai ranar.

"Ni ma an yi mini a haihuwar fari," in ji Saratu. "Nawa bai daɗe ba ya lafa. Naki ya lalace. In kika bari ya shiga jini, marainiya za ki bar wa tsohuwar nan."

"Gwaggo ba za ta bari in fita ba kafin arba'in."

"Na sani. Ni dai na faɗa miki. Gobe kasuwa, akwai mota da safe. In za ki asibitin Ikara, zan raka ki."

Ba zan ce muku ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Mai jego ta fita kafin arba'in abin magana ne, balle ta fita ba da sanin mai yi mata wanka ba, balle kuma mai wankan ta zama Gwaggo Asabe. Na san duk mutuncinta a garin a kan tukunyar nan yake. Na yi tunanin in durƙusa in faɗa mata komai, amma na san amsar, za ta ƙara wuta ne, domin a wurinta ba ciwon mai jego da zafi ba ya warkarwa. Na dube ki, ke babba, kina barci, na tuna maganar Saratu, na ji tsoron mutuwa ya fi tsoron Gwaggo. Da safe ta hura wuta, ruwa ya fara ƙara, ta leƙa maƙwabta karɓo kanwa. Na goya ki, na yafa mayafi, na bi ta gefen tukunyar na fita. A bayan akori-kura muka tafi, cikin buhunan barkono. Wani dattijo ya yi ta matsa mini wuri yana cewa in zauna, ina ce masa na gode. A tsaye na je Ikara, na riƙe ƙarfen motar, Saratu ta riƙe ni ta baya.

A asibitin muka sami wata dattijuwar ungozoma 'yar kudancin Kaduna, ana ce mata Sista Rahila. Ta duba ni, na runtse ido ina jiran faɗa, ba ta yi ba. Ta ce ɗinkin ya warware kuma wurin ya yi ruwa, ba a ɗinke ciwo a haka, sai an wanke an yi allurai ya yi kyau tukuna. Na kwanta 'yan kwanaki, zazzaɓin ya sauka. Ranar da za ta sake ɗinkin ta buɗe tafin hannunta ta zana mini da yatsa. Ta ce yankan da aka yi mini daidai ne, an karkata shi gefe, nesa da mafitar bayan gida, da an miƙe da shi ƙasa zai iya zarcewa ya yi ɓarnar da ta fi wannan. A ɗinkin aka sami matsala. An bi fatar ƙulli-ƙulli an ɗaure tamau, da wurin ya kumbura sai kowane ƙulli ya riƙa cin nama. Ita da zare ɗaya za ta bi ta ƙarƙashin fata, kamar mai kalmasa bakin zane, kuma zaren da kansa zai narke. Na tambaye ta ko ruwan Gwaggo ne ya ɓata ni. Ta ce ba shi kaɗai ba, ɗinkin ya matse, wurin ya kumbura, ruwan ya ƙarasa. Ta yi mini allura, ta jira, sannan ta ɗan tsikare ni.

"Kina ji?"

"A'a."

"Na ga yatsun ƙafarki sun lanƙwashe. Kada ki yi mini kunya a nan, 'yata. In kina ji, ki ce kina ji."

"Ina ji," na ce.

Ta ƙara allurar, ta sake jira. Wannan karon har ta gama ban san ta fara ba. Na kwanta ina kallon rufin ɗakin ina mamaki, ashe ana iya tambayar mace ko tana jin zafi, ta ce i, kuma a yi wani abu a kai.

Saratu ta aika wa babanku, ya zo da ƙaurin hayaƙin rake a rigarsa. Sista Rahila ta zaunar da shi ta faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye, yana ta kallon ƙasa. Da ta fita ya ce:

"Me ya hana ki faɗa mini ranar da na zo?"

"A zaure? Gwaggo na jin mu?"

Ya so ya wuce da ni gida, na ce a'a, Paki zan koma in cika arba'in ɗina, in ba Gwaggo haƙuri.

Na tarar da sabuwar tukunyar a kife a jikin bango. Itacen nan duk babu, ta rabar wa maƙwabta, ta share tokar murhun tas. Tana zaune tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Sai na yi abin da ya fi hawan akori-kurar wuya, na buɗe baki na ce:

"Gwaggo, ƙari aka yi mini a haihuwar, aka ɗinke. Ɗinkin ne ya warware, wurin ya lalace. Kunya ta hana ni faɗa miki."

Na zaci za ta firgita, ko ta yi mini faɗan ɓoyewa. Hannunta ya tsaya a cikin waken, sannan ya ci gaba.

"Shi ne me? Wace mace ce ba ta ƙaru ba?"

"Zafin ne ya fi ƙarfina, Gwaggo."

"Zafi," in ji ta. "Ke kaɗai kika san zafi."

Daga ranar na koma "ke". Uwata ta fita daga bakinta, ba ta sake dawowa ba. Na cika kwanakina a gidan ina ɗumama ruwana da kaina, tana ba ni abinci a kan lokaci, tana ɗaukar jaririya in ta yi kuka, amma tsakanina da ita sai gaisuwa. Gari kuwa ya ɗauka. Ana cewa wadda ta gasa rabin Paki, tata ta tsere mata da goyo a bayan motar barkono. Wasu suka ce hannunta ya yi tsauri da tsufa. Sannu a hankali aka fara kiran wata, naman suna ya daina zuwa gidan. Sauran haihuwarku duk a ɗakina na yi wanka, wata 'yar uwar babanku ce ta riƙa yi mini. Gwaggo takan zo suna, ta zauna cikin baƙi, ta tashi kafin la'asar. In na kai mata atamfa ko mazarƙwaila, sai ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Wannan godiyar ta fi ɗinkin yi mini ciwo, kuma ta fi shi daɗewa. Na ɗauka girman kai ne kawai, an taɓa mata sana'a ta kasa yafewa. Ni ma nakan ji haushinta, in ce a raina, to da mutuwa ta so in yi a cikin bahonta? Ban taɓa nadamar fitar ba, amma na yi kewar uwata shekaru masu yawa tana raye.

Kun san ƙarshenta a gidanmu ta yi, manyanku kuna tuna tsohuwar da ke ɗakin kusa da rijiya. Ta faɗi ne ƙugu ya goce, ba mai kula da ita a Paki, na je na ɗauko ta, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ni nake yi mata wanka. Wata rana da hantsi na gama, na zaunar da ita a kujera 'yar tsugune ina shafa mata man kaɗanya a baya. Ba ta juyo ba ta ce:

"Wancan ɗinki da aka sake yi miki a Ikara. Ciwon ya tafi?"

Shekarun da suka wuce ba mu taɓa komawa kan maganar ba. Na ce:

"Ya tafi, Gwaggo. Tun kafin in yaye yarinyar na manta da shi."

"Duka? Har in kin zauna? Har wajen mijinki?"

Kunya ta kama ni, da furfurata da komai. Ban taɓa jin irin wannan magana a bakinta ba.

"Duka," na ce.

Ina tsaye a bayanta, sai idona ya sauka a kan zamanta, a gefe ɗaya, ta tokare da hannu. Haka take zama tun ina yarinya, na ɗauka salonta ne. Haihuwa ɗaya ta taɓa yi, tana ƙarama, a ɗaka, ɗan bai zo da rai ba. Bayan nan ta yi aure-aure, ba wanda ya daɗe, dangi suka yanke cewa Asabe ba ta da haƙurin zama da miji.

"Ni da na ƙaru," ta ce, "ba wanda ya ɗinke. Ce mini aka yi haka kowace mace take, daurewa ake yi. Na ɗauka haka ne. Shi na koya wa 'ya'yan mutane."

Man ya narke a hannuna yana bin yatsuna. Ta ja zanenta ta rufe kafaɗa, tana kallon ƙasa.

"Ashe yana tafiya," in ji ta.